Ruwan lagireto na raguwa, amma babu ɗigo a ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana harkar mota ku taimaka min da shawara.

Motata tsohuwa ce, ƙirar 2003, mai silinda huɗu. Kwanan nan ruwan lagiretonta yake ta raguwa, sai na yi ta ƙari. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ko na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe a bushe nake samunsa.

Na canza murfin lagireto, makanike ya matse tiyo na sama da na ƙasa, duk a banza. Baƙin mai bai koma kamar madara ba, salansa ma ba ta fitar da farin hayaki sai ɗan tururin safiya. Amma in na kunna hita, wani wari mai zaƙi-zaƙi yake shigowa, gilashin gaba ya yi hazo, kafet ɗin gefen fasinja kuma da ɗan danshi.

Makaniken ya dage wai gasket ne, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, a sauke kan inji. Ni dai raina bai kwanta ba, aikin ba ƙarami ba ne. Shin ƙaramin lagireton hita zai iya shanye ruwa haka? Wane gwaji ya kamata a fara yi kafin a taɓa injin?