Muryata tana amsa-kuwwa idan na ɗauki darasi da waya: makirfo zan saya?

Malami daga Garwa:
Assalamu alaikum. Ina ɗaukar darasin nahawu da wayata ina tura wa ɗalibai ta WhatsApp, amma suna ƙorafin cewa muryar tana amsa-kuwwa, kuma akwai wani gurnani da ke bin ta daga farko har ƙarshe. Ɗakin na siminti ne, rufin kwano, babu silin. Abin da zan iya warewa bai wuce sefa dubu 15 ba. Makirfo ya kamata in saya, ko akwai abin da ya fi shi muhimmanci?

Mai haɗa sauti daga Marwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, gyaran ɗaki ne na farko, domin makirfo mai tsada amsa-kuwwar zai ƙara fito da ita. Ka tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. Ƙarar da ta biyo bayan tafin ita ce bangon siminti yake mayar wa wayarka. Ka jingina katifa a bangon da kake fuskanta, ka rataya bargo mai kauri a bayanka, ka shimfiɗa darduma a ƙasa, sannan ka sake tafawa. Idan akwai ɗakin ƙasa mai rufin azara a gidan, ko ɗakin da ke cike da tufafi, ka koma can. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa wahalar banza ce, saboda ba shi da kaurin da zai shanye murya. Bayan haka ka kusanto da wayar zuwa kamar taƙi ɗaya daga bakinka, ka ɗan karkatar da ita gefe don kada iskar numfashi ta buge ta.

Wani ɗan'uwa daga Injamena:
Gurnanin ba daga bango yake ba, Malam. Galibi fanka ce, ko kuma ɗauka ake yi waya tana jikin caji. A cire cajin, a sa wayar a yanayin jirgi, a kashe fanka. Na san kashe fanka a Garwa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ƙaramar magana ba ce, shi ya sa ɗauka bayan sallar asuba ta fi, kafin babura su cika titi. Ni dai ban ga laifin ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga ba, irin Boya BY-M1, amma ka duba ko wayarka tana da ramin abin sauraro kafin ka biya, domin a nan ake jona shi.

Malama daga Ngaundere:
Malam, ka bar daƙiƙa 5 na shiru a farkon kowace ɗauka. Manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce a kwamfuta, kuma da wannan shirun take gane hayaniyar ɗakin ta rage ta, sai dai idan aka matsa mata, murya takan koma kamar ta mai magana a cikin ruwa. Ka fitar da darasin a tsarin fayil ɗin sauti na MP3 mai kilobit 64 a kowace daƙiƙa, wanda minti 10 ba ya kai megabait 5, don datar ɗalibai ta ishe su saukewa.