Ni nas ne, kuma na kasa barin sigari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ma'aikacin jinya ne ni, a ɗakin masu ciwon ƙirji nake. A dutin dare na fara shan sigari don in kori barci, yanzu ta zame mini jiki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne in tsaya kan mai asma ina ce masa ya guji hayaƙi, alhali warin taba na tashi daga rigata. Duk sanda na bari, jiri da saurin fushi su hana ni aiki. Ta ina zan kama?

Wata tsohuwar nas: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba kai kaɗai ba ne, da yawa cikinmu ɓoyewa kawai suke yi. Sanin illar abu daban, ƙarfin nikotin da ke cikin taba daban, don cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 take isa ƙwaƙwalwa. Kwana 3 na farko su ne masu zafi, sai ka sa ranar barinka ta faɗo a hutun da ke bin dutin dare. Kuma kada ka daina fita hutun tsakiyar aiki. Sau da yawa wannan 'yar sararawar jiki ke nema, ba karan kaɗai ba. Ka fita, amma ka canja wuri, ka nisanci abokan zuƙa. Kwaɗayin yakan lafa cikin 'yan mintuna.

Mai harhaɗa magunguna: Malam, kada ka yi ta da ƙarfin hali kawai. Filastar nikotin haɗe da cingam ɗinta sun fi ɗaya kaɗai aiki, akwai kuma ƙwayar maganin barin taba mai suna varenicline idan likita ya ga ya dace da kai. Abin da ake mantawa shi ne kofi. Hayaƙin taba na sa hanta ta narka kafeyin ɗin da ke cikin kofi da sauri, da ka bari sai ya riƙa daɗewa a jini. Ka rage kofinka kamar rabi, in ba haka ba faɗuwar gaba da rashin barci za su sa ka ɗauka barin taba ne bai karɓe ka ba.

Nas daga ɗakin jarirai: Ni roƙona ɗaya ne. Kafin ka bari, kada ka ƙara sha da rigar aiki a jikinka. Dattin hayaƙin na maƙalewa a tufafi da gashi, wanke hannu ba ya fitar da shi, kuma mai asma shi ke shaƙa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Filastar fa, yaushe zan liƙa ta ga mai kwana a farke?

Mai harhaɗa magunguna: Lokacin da ka tashi daga barci, ko da yamma ce. Idan ta kawo maka munanan mafarkai, ka cire ta kafin ka kwanta.