Wayar eriya don kamo tashoshin nesa: in ja har giginya ko in tsaya a darbejiya?

Malamin Firamare, Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi da hannunsu. Ina da tsohuwar National Panasonic mai batir huɗu da na gada wajen mahaifina. Gajeren zango tana kama shi lafiya lau, abin da nake nema shi ne matsakaicin zango da dare. Yanzu tashar Kaduna a lamba 594 (kHz) tana zuwa tana tafiya, bayan isha'i kuma ina jin Larabci can ƙasa-ƙasa wajen 549, amma maganar ba ta fita. Daga tagar ɗakina zuwa darbejiyar tsakar gida mita 20 ne. In na tsallake katanga na bi ta garkar maƙwabcina zuwa wata giginya, zan samu kusan mita 90, kuma ya amince. Dubu 30 ke hannuna. In sayi koyil guda na waya in ja har giginya, ko in tsaya a darbejiya? Ku lura, rediyon ba ta da ramin da ake soka eriya.

Ɗan Jega:
Wa alaikumus salam. Malam, dubu 30 ai data ce ta wata da watanni. Duk tashar da kake so tana intanet, tar da ita, babu shuuu babu ƙara.

Bazamfare a Kamba:
Ɗan Jega, da kana Zamfara a Satumban 2021 lokacin da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, da ba ka faɗi haka ba. Waya ta koma tocila. Wanda ke da rediyo shi ake zagayewa da safe a ji me duniya ke ciki. Nan Kamba ma, tun da aka dakatar da gidan rediyon Faransa RFI a Nijar a 2023, 'yan uwanmu na tsallaken iyaka gajeren zango suka koma. Malam, ka soka wayar a ramin eriya kawai, komai tsawonta.

Ɗalibin Aliero:
Ya ce ba ta da rami. Malam, ga lissafin: ka raba 300,000 da lambar tashar, ka samu tsawon zangonta a mita, ita kuma eriya ana so ta kai rubu'insa. Ta 594 ta kama mita 505, rubu'inta 126. Ta 1566, wato tashar mishan ta ƙasar Benin, mita 192, rubu'inta 48. Ka ga mita 20 ba ta kai ko rubu'in ƙaramar cikinsu ba. Don haka giginya. Dalilin da ya sa sai dare kuwa, akwai wani shimfiɗin iska can sama, tsakanin kilomita 60 zuwa 90, wanda hasken rana ke cazawa ya riƙa shanye matsakaicin zango. Rana na faɗuwa sai ya baje, saƙon ya wuce zuwa na samansa ya dawo ƙasa a nesa. Larabcin nan na 549 galibi Aljeriya ce.

Baba Mai Gyara, Birnin Kebbi:
Ɗana, lissahinka daidai ne, amma na mai watsawa ne. Mai saurare ba ya bukatar rubu'i cif. Tun ana kawo muna rediyo mai kwalba nike wanga aiki. Cikin wagga Panasonic akwai baƙin sanda da aka naɗe da siririyar waya, shi ne eriyar matsakaicin zango, ba sandan ƙarfen da ake zarowa ba. Malam, ka kawo bakin wayarka ta taga, ka naɗe ta zagaye biyar ko shida a jikin rediyon, sauran bakin ka kai shi ga rodi da ka kafa a ƙasa mai laima. Ku mutanen Argungu Allah ya ba ku fadama, ƙasarku ta fi tamu karɓa. Doguwar waya ƙwarai kuwa cika rediyon take yi, sai ka ji tashar mishan ta kusa da Parakou, ta 1566, ta fito maka wuri uku ta danne na Aljeriya da kake nema.

Na Ƙasar Zuru:
Malam, don girman Allah kada ka fitar da waya waje da katangarka. Ni na yi. Gidana na ƙarshen gari ne, bayansa gonata. Bayan girbi na kafa sanduna tsayin mutum, na ja waya ta fi mita 150 ta fuskanci arewa. Wallahi abin da na ji a hunturun nan ban taɓa jin irinsa ba. Sifaniyawa suna ihun ƙwallo kamar a ɗakina, Muryar Amurka ta São Tomé a 1530 ko da ba a fuskarta na ja ba tana shigowa, ga Larabawa jere. Ina rubuta kowace da lokacinta a littafi. Littafin nan shi ya zame min bala'i.

Aka kai hari wani ƙauye kusa da mu, aka kora shanu. Sai magana ta fara yawo cewa akwai mai waya a daji da yake zama tsakar dare da abin kunne yana rubuta lambobi. Ba wanda ya zo ya tambaye ni. Wata asuba matasan sintiri suka shigo, a gaban 'ya'yana suka fasa rediyon da gora, suka naɗe wayar, suka tafi da ni da littafin. Ina ce musu wannan karɓa kawai take yi, ba ta aikawa, wani ya buɗe shafi ya nuna 1521 ya ce wannan adadin shanu ne ko na kuɗin fansa? Na ce Saudiyya ce. Suka ce ashe har can nake da mutane. Limaminmu ne da wani tsohon soja da ya san aikin sadarwa suka tsaya min aka sake ni. Amma sunan infoma ya riga ya manne. Matata ta daina zuwa rijiya da rana, aka fasa neman auren ƙanwata. Gonar na sayar da ita a wulaƙance, yanzu haya nake a wani gari.

Bazamfare a Kamba:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya bi maka hakkinka, Yaya. A wajenmu an rasa rayuka a kan zargin da bai kai wannan ba.

Uwargida daga Gwandu:
Allah ya saka maka. Ita matar taka nake tausayi, don ita ke fita cikin mutane. Amma su ma matasan a duba, wanda aka kashe wa uba ba ya tsayawa bambance mai karɓa da mai aikawa. Da ka kai wa mai gari ya saurara da kunnensa tun farko, ƙila da ba a kai nan ba.

Na Ƙasar Zuru:
Hajiya, ɗan mai garin da kansa yana zuwa jin ƙwallo a wajena. Ranar da aka zo bai buɗe baki ba.

Ɗan Jega:
Allah ya kyauta. Malam dai in ka ja ta tsakar gida, ka sani uwargida ta samu igiyar shanya. Ranar da aka rataya zannuwa sai ka ji Aljeriya ta jiƙe.

Malamin Firamare, Argungu:
Yaya Na Zuru, labarinka ya hana ni barci jiya. Allah ya mayar maka da alheri. Unguwarmu cikin gari take kuma kowa ya san ni, amma na ji. Har yanzu dai ban samu amsa ba: tsakanin 20 da 90, bambancin da kunne zai ji ya kai a kashe kuɗin? Kuma nawa koyil yake yanzu?

Ɗan Jega:
Na waya mai kaurin 1.5 dubu 17 na gan shi a kasuwarmu.

Mai Wayarin, Yauri:
Dubu 17 ba jan ƙarfe ba ne, alminiyon ne aka shafa wa ja. Ka kankare bakinsa da wuƙa ka ga fari. Na gaske bai kasa dubu 32 ba a makon da ya wuce, kuma a rubuce yadi 100 ne, in ka auna da ƙyar ka samu 80.

Baba Mai Gyara, Birnin Kebbi:
Mi ya kai ku ga sabuwar waya? Ya tai wurin masu naɗin fanka da injin ban ruwa, su warware mishi tsohon naɗi, dubu 3 ta ishe shi. Iska ba ta tambayar kaurin waya.

Mai Wayarin, Yauri:
Baba, da girmanka, wannan siririyar iskar farkon damina ɗaya za ta tsinke ta. Kuma ba wanda ya yi maganar tsawa. Giginya ta fi komai tsawo a garka, ka ɗaura mata waya ka kawo bakin kan gadonka? Ko a hunturu busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a doguwar waya, ka taɓa ta ta fizge ka. Dole in hadari ya haɗo a cire ta daga ɗaki a haɗa da rodin ƙasa a waje.

Ɗalibin Aliero:
Abin da Yaya Na Zuru ya yi yana da suna, eriyar Beverage, sunan injiniyan Amurka da ya fito da ita wajen 1921. Ƙasa-ƙasa ake jan ta, kuma tana jin inda bakinta ya fuskanta. Malam, giginyar tana wace kusurwa da ɗakinka? In arewa take, ka dace.

Baba Mai Gyara, Birnin Kebbi:
Ɗana, ka taɓa jan ko mita goma da hannunka?

Ɗalibin Aliero:
A ɗakin kwanan ɗalibai ba a bari, Baba. Amma lissafi ba ya canzawa don ban hau bishiya ba.

Baba Mai Gyara, Birnin Kebbi:
Lissahi bai san maƙwabcin Malam na da inbata ba. Ku ja mita dubu, in akwai sola da cajar waya da ƙwan fitila na zamani kusa, abin da za ku tara ke nan, zzzz tun daga 531 har 1602. Shekarun baya da an ɗauke wuta nike murna, don iska ta yi tsit. Yanzu ana ɗaukewa kowane gida ya tada nashi.

Uwargida daga Gwandu:
Wannan gaskiya ne. Tun da maƙwabtanmu suka sa sola, mai gidana sai ya ɗauki rediyo ya tafi bayan masallaci yake samun Kaduna. An yi musu magana sun ce su ba su ji komai ba.

Mai Wayarin, Yauri:
Laifin masu shigo da kayan ne. Ka buɗe cajar dubu ɗaya ka gani, gurbin abin da ke tace ƙarar yana nan a allon, amma babu shi, an cire don a rage kuɗi. Haka waya, haka batir. Wa ke duba abin da ake saukewa a kasuwanninmu? Sannan ko ka sayi ta gaske, 'yan bola jari na gani. Wani gida da na yi wa wayarin, kafin a sa silin an zare komai cikin dare.

Bazamfare a Kamba:
Mu har rodin ƙasa na masallaci aka tone. Nawa suke sayen kilon jan ƙarfe a Yauri yanzu?

Malamin Firamare, Argungu:
Giginyar tana gabas maso kudu ne, Ɗalibi. Maƙwabcin nawa kuma yana da sola, a kan rufin da wayar za ta bi ta samansa.

Ɗan Jega:
Kilo ya wuce dubu 8 a nan. Shi ya sa ko wayar injin niƙa ba su bari.

Mai Wayarin, Yauri:
Dubu 8 ina? Wanda ya ba ka wannan farashin da alminiyon ya haɗa maka.