Hoton faifai ɗaya, kwamfuta 250: ina ake ajiye shi, ta yaya ake raba shi?

Baban Khadija

Assalamu alaikum. Duk mai kula da cibiyar jarrabawar kwamfuta ya san sharaɗin JAMB da aka daɗe da shi: kwamfuta 250 masu aiki, da wasu 25 a ajiye don ko ta kwana. Bin su ɗaya bayan ɗaya da filashi ana zuba Windows ɓata lokaci ne. Hanyar da aka sani ita ce a shirya kwamfuta guda tsaf, a ɗauki hoton faifanta, wato cikakken kwafin duk abin da ke ciki, a ajiye a uwar garke, sauran su ja ta netwok. Ina roƙon kowa ya kawo abin da ya gani a bakin aiki: ina ake ajiye hoton, ta wace hanya ake jan sa, kuma a ina aikin yake cijewa.

Injiniya Lawal

Wa alaikumus salam, Baban Khadija. A fara da lissafi kafin a zo kan manhaja. Kebul ɗin gigabit, a takarda megabait 125 yake ɗauka a daƙiƙa, a zahiri kuwa wajen 110 ake samu. A ce hoton, bayan an matse shi, ya kai gigabait 25. Kwamfuta ɗaya za ta janye shi cikin minti huɗu, in faifanta zai iya karɓa da wannan saurin. To amma uwar garken ƙofa ɗaya gare ta. Kwamfuta 40 su ja a tare, kowace da nata kwafin, gigabait 1,000 ke nan za su bi ta kebul guda, wato awa biyu da rabi. Guda 250 kuwa sun tasam ma awa 16, janareta na ci.

Batun wurin ajiya: kada a sa hoton a faifan da babbar manhajar uwar garken take. A ware masa nasa faifan, a tsara shi da ext4, a ɗaura shi a /images. Dalili shi ne, in hotuna suka cika faifan da tsarin yake kai, rumbun bayanan FOG, wato manhajar Linux da ke ɗauka da raba hotunan, yakan tsaya, shafin kula da aikin ma ya ƙi buɗewa. Kuma SSD ya fi. Faifai mai juyawa yana da sauri in mutum ɗaya ke karantawa a jere, amma kwamfuta goma na neman wurare goma daban-daban sai allurarsa ta yi ta kai-komo, saurin ya zube. In uwar garken na da RAM gigabait 32, Linux zai riƙe hoton a ciki bayan karatun farko, zagaye na biyu ba ya ma taɓa faifan sosai.

Maman Hanif

Injiniya ya gama magana kan faifai. Ni zan tsaya a kan hanyar isa ga foldar. Mutane da yawa sukan buɗe folda a wata kwamfuta mai Windows 10 ko 11 su ce ga uwar garke. Irin wannan Windows ɗin haɗi 20 kawai yake yarda da shi a lokaci guda. Ta 21 za ta ce ta kasa shiga, mutum ya yi ta sake rubuta kalmar sirri alhali ba ita ce matsalar ba. Ko dai Windows Server, ko Samba, manhajar buɗe folda ga netwok a kan Linux, ko NAS, wato akwatin ajiya da ke haɗe da netwok.

Clonezilla, wata manhajar ɗauka da zuba hoton faifai, yana karɓar hanyoyin isa ga folda irin su Samba da NFS da SSH, kuma duk wanda aka zaɓa, a /home/partimag yake ɗaura foldar. A ɗakin da kebul ɗinsa keɓe yake, NFS ya fi sauƙin nauyi. SSH yana ɓoye duk abin da ke wucewa, wanda yake da kyau in hoton zai ratsa netwok ɗin jama'a, amma tsofaffin kwamfutoci sukan ji jiki wajen warware ɓoyon. Sai a kiyaye: hoton Clonezilla folda ce mai fayiloli da yawa, har da ƙananan da ke ɗauke da tsarin fatishan. Wanda ya kwashi manyan ya bar ƙananan bai kwashi komai ba. In kuma za a bi da shi ta faifan da ke kan FAT32, fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4, dole a sa Clonezilla ya yanyanka shi.

Ɗan Sabon Gari

Ranki ya daɗe, ga ƙari kan NFS ɗin FOG. Folda biyu yake fitarwa: /images don karatu kaɗai, /images/dev don rubutu. Lokacin ɗaukar hoto, kwamfutar tana zubawa a /images/dev cikin folda mai sunan lambar MAC ɗinta, in an gama sai a matsar da shi zuwa /images ta FTP. Shi ya sa za ka ga aiki ya kai 100 cikin 100 sannan ya faɗi a ƙarshe. Galibi kalmar sirrin asusun fogproject ce wani ya canza a Linux bai canza a shafin FOG ba. Hoton bai ɓata ba, yana nan a /images/dev. Haka nan in an sauya faifan ajiya, a tabbata ɓoyayyen fayil ɗin nan .mntcheck yana cikin foldojin biyu, in babu shi FOG zai ce bai ga wurin ajiya ba.

Malam Nura

Kafin kwamfuta ta kai ga hoton sai ta tashi ta netwok tukuna, kuma rabin wahalar a nan take. Tsarin tashi ta netwok ɗin, wato PXE, mataki uku ne. Kwamfuta ta nemi adireshi daga DHCP, wato mai raba adireshi a netwok. DHCP ya ba ta, ya haɗa mata da zaɓi na 66, wato adireshin uwar garke, da na 67, wato sunan fayil ɗin tashi. Sai ta ja fayil ɗin ta TFTP a ƙofa ta 69. Lambar kuskuren da ta fito a baƙin allon nan ita ke nuna matakin da aka tsaya: PXE-E51 babu amsar DHCP gaba ɗaya, PXE-E53 an ba da adireshi ba a ba da sunan fayil ba, PXE-E32 an san fayil ɗin amma TFTP bai amsa ba, sai a duba katangar tsaron uwar garken.

Fayil ɗin tashi ba ɗaya ba ne ga kowa. Mai tsohon BIOS undionly.kpxe take so, mai UEFI kuma ipxe.efi ko snponly.efi. Ɗakunanmu kuwa cike suke da kwamfutocin tokumbo iri-iri, wannan layi HP, wancan Dell. Kwamfuta tana faɗin irinta a zaɓi na 93, sifili ga BIOS, 7 ko 9 ga UEFI mai 64, don haka a sa DHCP ya duba wannan ya ba kowace nata. In rautar da ke raba adireshi ƙarama ce ba ta da waɗannan zaɓuɓɓuka, kada a kunna DHCP na biyu, rikici ne kawai. A sa dnsmasq a uwar garke a matsayin wakili: rauta ta ci gaba da ba da adireshi, shi kuma ya ba da bayanin tashi kaɗai.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Saitin Secure Boot na UEFI yana hana iPXE, wato fayil ɗin tashi na FOG, aiki, a kashe shi kafin aiki, a mayar bayan an gama. Sannan suwic mai tsohon STP, tsarin hana bayanai kewaya a netwok, yakan riƙe ƙofa daƙiƙa 30 kafin ya bar komai ya wuce, kwamfutar kuwa ta gaji da jira ta koma kan faifanta. A kunna PortFast, saitin da ke cire wannan jiran, ko abin da kamfanin suwic ɗin ya kira shi, a ƙofofin kwamfutoci kaɗai, ban da waɗanda ke haɗa suwic da suwic.

Baban Khadija

Allah ya saka, Malam Nura. To awa 16 ɗin da Injiniya ya lissafa fa, yaya ake rage su?

Injiniya Lawal

Da maltikas, wato turi ɗaya kowa ya karɓa lokaci guda. Gigabait 25 ɗin sau ɗaya za su fita daga uwar garke, ko kwamfuta 10 ke jira ko 60. FOG yana yi, Clonezilla ma yana yi. Amma tafiyar ayari ce, wadda ta fi kowa rauni ita ke sa wa kowa taki. Kwamfuta ɗaya da kebul ɗinta ya faɗo zuwa megabit 100 za ta mayar da ɗakin duka kan megabait 11 ko 12 a daƙiƙa.

Kuma faɗowar ba wuya gare ta ba. Gigabit yana buƙatar wayoyi takwas ɗin nan duka. Guda ɗaya ba ta kama ba a kan RJ45, ko harshen kan ya karye ya ɗan zame daga raminsa, kebul ɗin na iya ci gaba da aiki amma a kan 100, burauza na buɗewa lafiya, ba wanda zai lura. A bi gaban suwic a duba fitilun. A yawancinsu launin ƙofar da ke kan 100 daban yake da na 1000, ido zai kama guda ɗaya mai ruwan lemo a cikin jerin koraye. A sake matse kan, a gwada. Kebul kada ya wuce mita 100, kuma a guji mai araha ɗin nan da cikinsa alminiyam ne aka shafa wa tagulla.

Sai suwic ɗin kansa. In babu IGMP snooping, wato saitin da ke sa suwic ya kai turin ga masu saurare kaɗai, turin zai watsu ga kowace ƙofa, har da ta na'urar Wi-Fi, komai ya tsaya a ginin. In an kunna snooping amma babu mai tambayar kwamfutoci ko suna nan suna saurare, wato querier, aikin zai fara da kyau, bayan kamar daƙiƙa 260 suwic ya manta da waɗanda ke saurare, shuɗin allon Partclone, manhajar da ke zuba hoton, ya daskare a duk kwamfutocin a lamba ɗaya. Duk wanda ya ga tsayawa wajen minti huɗu da rabi kullum, can zai duba. A kunna querier a suwic ɗaya, babban.

Maman Hanif

Ban ƙi ta Injiniya ba, amma ba zan ba da shawarar a haɗa 250 a turi ɗaya ba. A raba bisa suwic, 24 ko 48 a zagaye, kuma iri ɗaya a tare: masu SSD daban, masu faifai mai juyawa daban. Zagaye shida na minti goma sun fi zagaye ɗaya da zai karye a tsakiya a koma farko. Inda suwic ɗin ba mai saiti ba ne, a cire kebul ɗin da ya haɗa shi da sauran ginin kafin a fara. Ragowar da suka faɗi a bi su da turin ɗaya-ɗaya. FOG guda 10 yake bari a lokaci guda in ba a canza ba, sauran su yi layi, kuma wannan adadin ya yi daidai da ƙofar gigabit guda.

Hajiya Rabi

Ku yi haƙuri in mayar da mu baya kaɗan, domin hoton da aka ɗauka da aibi, aibin za a raba wa kowa. A gina shi a kwamfutar gwaji ta cikin VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta, ko makamancinsa. Da an iso allon farko na Windows a danna Ctrl da Shift da F3 a shiga yanayin shiri, a zuba manhajoji da sabuntawa a can. Kafin ɗauka a yi waɗannan.

A rubuta powercfg /h off. In ba haka ba Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya, barci yake yi, manhajar ɗaukar hoto ta tarar da NTFS a buɗe ta ƙi taɓawa. A duba manage-bde -status, domin Windows 11 na iya fara rufe faifan da BitLocker da kansa. Faifan da aka rufe, Partclone ba ya gane inda bayanai suke da inda babu, sai a kwashe shi ɗungurungum, kuma ba ya matsuwa: faifai mai gigabait 256 ya ba da hoto mai kusan 256. A kashe da manage-bde -off C: a jira ya gama warwarewa. Daga nan a ajiye madogara, wato snapshot da za a iya komawa kansa, a VirtualBox, sannan a shirya Windows don rabawa da sysprep /generalize /oobe /shutdown. In ya ƙi, amsar na cikin setuperr.log a foldar Panther da ke ƙarƙashin Sysprep, kuma sau da yawa wata manhajar Microsoft Store ce da aka sabunta wa asusu ɗaya. Bayan ya kashe kwamfutar kada a bari ta sake shiga Windows, kai tsaye zuwa ɗauka.

Masu Linux su kuma su share abin da ke cikin /etc/machine-id da makullan SSH na na'urar. In an bar machine-id ɗin, a wasu tsare-tsaren kwamfutoci da yawa za su karɓi adireshi ɗaya daga DHCP.

Ɗan Sabon Gari

Hajiya, a ƙara da girman faifai. SSD mai 240 da mai 250 da mai 256 duk ana kiransu abu ɗaya a kasuwa, amma hoton da aka ɗauka daga 256 Clonezilla ba zai zuba shi a 240 ba, ko da bayanan ciki 30 ne kacal. Magani tun farko: faifan gwajin ya zama ƙarami, kamar gigabait 64, a bar shi ya faɗaɗa a wurin sauka. A Clonezilla zaɓin -k1 da -r ke yin haka, a FOG kuma a zaɓi nau'in faifai ɗaya mai sauya girma. In kwamfuta ta ce ba ta ga faifai ba sam, ko Windows ya tashi da shuɗin allo mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, a shiga BIOS a mayar da SATA daga RAID zuwa AHCI. Wadda ke mantawa da saitin duk lokacin da aka ɗauke wuta, batirinta CR2032 ne ya mutu. A sayi kwali guda a ajiye.

Malam Nura

Wani abu da ke damuna: hoton nan yana ɗauke da duk abin da ke faifan, har kalmar sirrin mai kula da kwamfuta in an sa ta a fayil ɗin unattend, mai amsa tambayoyin saitin Windows da kansa. FOG kuwa yana fitar da foldojinsa ga kowa, da alamar tauraro a /etc/exports. Duk ɗalibin da ya soka kebul a laftof ɗinsa zai iya kwashe hoton, ya kuma yi rubutu a /images/dev. A canza tauraron zuwa zangon adireshin ɗakin, a sake dubawa bayan kowane sabunta FOG, kuma a kashe uwar garken ko a zare ta ranar jarrabawa.

Kada a rubuta sabon hoto a kan tsoho. A sa wa kowane suna mai kwanan wata da irin kwamfutar, a riƙe biyu na baya, a kwafi guda zuwa faifan waje a yi masa sha256sum a gwada da na asali.

Baban Khadija

Saura wuta. In an ɗauke ana tsakiyar turi fa?

Injiniya Lawal

Kwamfutar da ta mutu a tsakiya sai an sake mata daga farko, ba ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wannan da sauƙi. Abin tsoro shi ne uwar garke ta mutu ana cikin ɗaukar hoto, ko suwic ya mutu na daƙiƙa biyar lokacin sauyawa zuwa janareta, zagayen duka ya tafi. Saboda haka uwar garke da kowane suwic su hau UPS ko inbata, a kuma tayar da janareta tun kafin a fara, kada a jira sai an ɗauke. A zuba wa kwamfuta ɗaya daga kowane iri tukuna, a bar ta ta shiga Windows, a duba katin netwok da allo da agogo da lasisi. In sun yi daidai a gwada maltikas da guda biyar a suwic ɗaya, a tsaya a kai har ya wuce minti biyar ɗin farko, sannan a saki layin farko.