Tambaya kan auna warkewar ɓeraye bayan raunin jijiyar cinya

Assalamu alaikum, malamaina da abokan bincike. Ina aiki da ɓerayen C57BL/6 (wani nau'in ɓeran gwaji) waɗanda muka matse musu jijiyar sayatik, wato babbar jijiyar cinya ta ƙafar baya, ina kuma bin dawowar tafiyarsu da ma'aunin SFI (ma'aunin aikin jijiyar sayatik, wanda ake lissafawa daga sawun da ɓera ya bari a takarda bayan an shafa wa ƙafarsa tawada), inda 0 ke nufin lafiya, -100 kuwa shanyewar ƙafar gaba ɗaya. Inda na cije shi ne makon farko, domin ɓeran yana jan ƙafar, tawada ta dame a takarda, har tazarar yatsa na 1 da na 5 ba ta aunuwa. Shin in rubuta wa irin wannan sawun -100, ko in cire shi daga lissafi? Ina tsoron kowanne ya karkatar da sakamakon. Don Allah, wanda ya taɓa amfani da CatWalk (na'urar da ke ɗaukar sawu da tafiyar ɓera da kyamara) ya ba ni shawara.