Wa aka taɓa tambaya ma'anar sunansa a cikin baƙin yare ya yi zuru?

Bawa na Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya same ni makon jiya, har yau yana cina, na ce bari in kawo shi nan in ji ko ni kaɗai ne. Kayan gwari nake sayarwa a Legas, shekara goma sha ɗaya ke nan. Akwai wata dattijuwa Bayarabiya da ke sayen tattasai a wurina, tana jin Hausa sama-sama. Ran nan tana jira a ɗaure mata kaya sai ta ce, wai Bawan nan da kowa ke kiranka, bawa dai da na sani? Na ce Mama ai bawan Allah ake nufi. Ta kalle ni ta ce, yara nawa mahaifiyarka ta binne kafin kai? Wallahi sai da na ajiye mudun da ke hannuna. Uku ne, duk ba su kai yaye ba. Na ce wa ya gaya miki? Ta ce ba mai kiran ɗan cikinsa bawa sai wanda yake ɓoye shi. Ta ce sunan yayanta Kosoko, wato "babu fartanya", ana gaya wa jaririn ba mu da abin haƙa kabari, sai ka haƙura ka zauna. Ƙanwarta kuma Malomo, "kada ki sake tafiya". Su abiku suke ce wa irin waɗannan yara, mu kuma 'yan wabi.

Da dare na kira Inna a Kano. Ta yi shiru, can ta ce sunana na yanka Abdullahi, kakata ce ta ce a riƙa cewa Bawa don kada a gane ana sona. Shekarata arba'in da biyu, a bakin mai sayen tattasai na fara jin labarin sunana. To wa irin wannan ta taɓa samu?

Ɗan Zangon Kumasi:
Wa alaikumus salam Malam Bawa. Da a nan kake da ba ka sha mamaki ba. Tonawa, wato Ashanti na nan Ghana, suna da Donkor, fassararsa bawa, kuma dalilin sa shi daidai da naka ne. Maƙwabcinmu mai gyaran rediyo sunansa ke nan, har da tsaga a kumatu da aka yi masa yana jariri.

Ni tawa a makaranta ta faru. Ranar farko malama ta ce sunanka, na ce Ɗanjuma. Ta ce me yake nufi, na ce an haife ni ran Juma'a. Ta ce to kai Kofi ne, ta wuce. Na koma gida ina kuka wai an canza min suna, Baba ya yi ta dariya, ya zaunar da ni ya jera min: Ɗanladi shi ne Kwasi, Ladi Akosua, Talatu Abena, Bala Kwaku, Lami ita ce Yaa, Ɗan'asabe Kwame, Asabe kuma Ama. Ya ce Kwame Nkrumah da kake ji Ɗan'asabe ne kawai, Nkrumah ɗin kuma ɗa na tara. Bambancin dai su kowa yana da sunan rana, ko ya yi amfani da shi ko bai yi ba, mu kuwa sai wanda abin ya bi.

Kofi Annan da aka haifa a garin nan a 1938, cikakken sunansa Kofi Atta Annan. Kofi Juma'a, Atta ɗan tagwaye, Annan na huɗu. Da a zango aka haife shi da sai mu ce Ɗanjuma Hassan Rabi'u. Wanda ya biyo tagwaye kuma Tawiah suke cewa, Gambonmu ke nan.

Gambon Inna:
Yarbawa kuma Idowu. A jami'a abokiyar ɗakina Kehinde ce, da ta ji yayyena Hassan da Husaini ne sai ta daina kirana Gambo, har muka gama Idowu nake. Abin da muka yi ta musu a kai shi ne wane ne babba. Mu dai wanda ya fara fitowa shi ne Hassan, shi ne yaya. Su kuwa Taiwo da ya fara fitowa ɗan aike ne, Kehinde ne babba, shi ya tura shi ya ɗanɗano duniya ya ji ko ta zaunu. Na gaya wa Yaya Husaini, tun ranar yake neman a riƙa gaishe shi kafin Yaya Hassan.

Salisu Mai Littafi:
Ku naku da sauƙi, tunda an gane ku. Ni dariya aka yi min. Na je karatu Khartum, ranar rajista ma'aikacin ya ce isminka, na ce Salisu. Ya ce a rubuta yaya? Na rubuta masa da Larabci. Ya duba, ya kira na kusa da shi ya nuna masa, suka kwashe da dariya, wai "na uku"? Na ukun me? Ina na ɗaya da na biyu? Na ce suna gida, Lawal da Sani. Nan fa dariyar ta ƙaru. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, don ni a zatona sunan Larabci tsantsa gare ni, zan shiga cikin Larabawa in saje. Sai da wani ɗan Sakkwato da ya riga ni zuwa ya yi musu bayani cewa dukkanmu Muhammadu ne, mahaifinmu ba ya son wani ɗansa ya rasa sunan Manzon Allah, shi ne ake bambanta mu da lissafi: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har Ashiru in Allah ya ba da yawan rai da haihuwa. Da suka ji haka sai jikinsu ya yi sanyi, ɗayan ya ce masha Allah. Amma har na gama Muhammad Salis suke kirana, wasu su ce "ya talata" don tsokana.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Salisu, da ka tambaye su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, ai don ita ce ta huɗu a 'ya'yan mahaifinta aka sa mata. Kuma a Sudan ɗin nan da suke maka dariya akwai masu suna Jum'a da Khamis, a Masar ga Ramadan ga Sha'aban ga Rajab. Mene ne bambancinsu da Ɗanjuma da Ɗanlami da Ɗan'azumi?

Mutanenmu suna ɗauka duk sunan Larabci addu'a ce. Da yawa daga cikinsu yanayi ne da dabbobin daji, irin namu. Khadija a asalin lugga ita ce wadda aka haifa watanninta ba su cika ba, bakwaini ke nan. Faɗima mai yaye. Bakar da ke cikin Abubakar saurayin raƙumi ne, kuma ma alkunya ce, sunan Sayyidina Abubakar na gaskiya Abdullahi. Usman ɗan tsakon wani tsuntsu ne dangin tuje. Darajar waɗannan sunaye daga bayin Allahn da suka ɗauke su ta zo.

Hajiya Binta 'Yar Gwale:
Malam ka tuna min da Umararmu. Ni da aminiyata Abu muna zaune a harami bayan la'asar, wata Balarabiya ta ba mu dabino, hira ta ɗan shiga da guntun Larabcin islamiyya. Ta ce sunana, na ce Binta. Ta ce na'am na ga ke mace ce, bint wa? Na ce Binta dai. Ta juya wurin Abu, ita ma ta ce Abu. Matar nan ta riƙe baki. Ɗaya ta ce sunanta "yarinya", ɗaya mace da ita ta ce sunanta "uban". Sai da muka ciro katin wuya ta ga Fatima da Zainab sannan ta sauke ajiyar zuciya. A jirgi muna dawowa nake ta lissafi, ashe Faɗimatu bintu Rasulillahi muka gutsure muka riƙe tsakiyar, Zainabu kuma muka riƙe wutsiyar. Haka Dije, haka Indo, haka Iro da Garba. Wallahi ban taɓa tunanin abin ba sai ranar.

Bitrus Ɗan Bogoro:
Na gaishe ku duka. Ni a Inugu na yi bautar ƙasa. Shugaban makarantar da aka tura ni ya ga Bitrus Yohanna a takarda, ya ji ina waya da Hausa, sai ya ce zai nuna min inda masallaci yake. Na ce ranka ya daɗe coci zan tambaya. Ya ce to wannan wane irin suna ne? Na ce Peter John ne. Bai yarda ba sai da na buɗe masa Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya ga Bitrus, Bulus, Istifanus, Irmiya. Tun fassarar 1932 haka muke da su, kuma Bitrus da Bulus ta hanyar Larabci suka shigo mana. Butros Ghali na Masar, wanda Kofi Annan ɗin Ɗan Zango ya gada a Majalisar Ɗinkin Duniya, ai takwarana ne. Asalin kalmar Helenanci ce, dutse take nufi.

Shi kuma sunansa Okafor, na mayar masa da tambayar. Ashe su ma sunan rana ne, sai dai makonsu na gargajiya kwana huɗu ne, ranakun kasuwa: Eke, Orie, Afo, Nkwo. Daga nan Okeke, Okorie, Okafor da Okonkwo suka fito, har da Nwankwo na Kanu ɗan ƙwallo. Na ce to ƙanwata Laraba ce, ya ce a gaishe da ita. Malam Bawa, su ma suna da irin naka, Onwubiko, wato roƙon mutuwa ake yi ta yi haƙuri.

Hadizatu ta Maraɗi:
Sannunku. Mu nan matsalarmu rubutu ne. Sunan guda, amma tun daga lakwal, wato makaranta, malami ya rubuta shi da Faransanci, Yusufu ya koma Issoufou, Usaini ya koma Ousseini, A'ishatu ta koma Aïchatou. In ka tsallaka Katsina sai a karanta shi wani iri kamar ba naka ba. Ina zuwa Istambul sarin kaya, wani mai shago ya duba fasfona ya ce sunan uwarshi gare ni, ya rubuta mini Hatice a takarda. Na ce wannan ai Hatike ne. Ya ce a'a, su harafin c kamar j suke faɗin shi, Hatije. Mehmet ɗinsu kuma shi ne Mammanmu, shi ne Mamadun Senegal. Ya rage mini kuɗi saboda uwarshi, ni kuma ban ƙi ba.

Malam, wannan magana ta bakwaini ba ta yi mini daɗi ba, wata tara cur na yi. Ko da yake ba a bakin innata zan ji ba, ni ɗiyar fari ce, har yau ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan".

Modu Yerwa:
Mamman, Mehmet, Mamadu, duk kun yi tsawo. Mu Modu muka ce muka huta. Abubakar Bukar, Faɗima Falmata. Fulani kuwa ba su iya komai ba sai ƙirga 'ya'ya kamar shanu, na fari Dikko na biyu Sambo.

Sambo Bafillace:
Modu, bawa ba ya shiga maganar iyayengijinsa. Ka bari Malam Bawa na gaskiya ya gama tukuna.

Abu Ammar:
'Yan'uwa a yi hattara. Ana ta raha amma wasu sunayen nan akwai camfi a ƙarƙashinsu. Wanda ya sa wa ɗa Ajuji ko Ayashe don mutuwa ta raina shi ta ƙyale shi, me yake cewa game da ƙaddara? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza sunan Asiya mai ma'anar saɓo zuwa Jamila, kuma ya ce mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman. Malam Bawa, ka koma Abdullahinka.

Gambon Inna:
Abu Ammar ba a ƙi taka ba, amma ka duba, ragon suna da Abdullahi aka yanka shi. Uwar matar da ta binne uku a jere ce ta ce a kira shi Bawa. Ni dai ba zan iya ɗaga murya a kanta ba. Kuma yanzu da muka bar su Tanko da Kande da Auta, me muka koma? Kowane gida Amir da Hanan, ka tambayi uwar ma'anar ta ce a waya ta gani ya yi mata daɗi.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Ku duka kuna da gaskiya a wani gefe. In an ƙudurce cewa sunan ne ke tsare rai, wannan kuskure ne, a gyara. In kuwa laƙabi ne da ya bi mutum, kamar Cindo mai yatsa shida ko Anaruwa da aka haifa ana ruwa, ba a ce komai ba. Abu Ammar, kai ma Ammar ɗin kana da shi kuwa, ko dai alkunyar ce ta riga auren?

Alhaji Mai Kwantena:
Ni a Guwanzu ne. Akwai gidan abincin Musulmin Sin da muke zuwa, mai wurin sunansa Ma. Da na ce masa Muhammadu sai ya dafa ƙirji ya ce shi ma. Tafinta ya ce da yawan Musulminsu 'yan Hui sunan gidansu Ma ne, ana danganta shi da Muhammad, amma harafin da suke rubuta shi da shi doki yake nufi. Kuma su sunan gida ke zuwa farko, shi ya sa a duk takardun kaya da sunan mahaifina suke kirana, Allah ya jiƙansa.

Bawa na Fagge:
Na gode jama'a, ban zaci abin zai kai haka ba. Abu Ammar na ji nasiha, Allah ya saka. A katin ɗan ƙasa dama Abdullahi ne, amma a kasuwa in ka ce Abdullahi mutum shida za su waigo, kuma Inna tana raye, ba zan ce mata sunan da uwarta ta sa min ya zama laifi ba.

Mama ta dawo yau da safe. Na ba ta labarin Donkor da Onwubiko, ta ce ai har sarki aka yi a Legas mai suna Kosoko, wanda Turawan Ingila suka kora da igwa a 1851, don haka kada in raina sunan 'yan wabi. Ta ɗauki kwando biyu na tattasai, ta ce tunda ni ɗan'uwan yayanta ne sai in yi mata ragi. Na rage mata dubu ɗaya, ta ce bai kai na zumunci ba.