Mai kaya ya janye bayan an ci gwanjon tsohon kwabo a intanet: ina mafita?

Jama'a, ana neman shawarar masu tara tsofaffin kuɗi. Misali kwabo mai huji na Afirka ta Yamma na 1936, mai sunan Sarki Edward na 8, an sa shi gwanjon kwana 7 a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, an fara daga dala 1, ba a ɗora masa mafi ƙarancin farashi ba. Lokaci ya cika da tayi kaɗan, wanda ya ci ya biya nan take. Sai mai kaya ya soke ciniki ya mayar da kuɗin.

Inda abin ya cije shi ne dalilin soke cinikin da mai kaya yake zaɓa a eBay. In ya ce kaya ya ƙare ko ya lalace, laifin yana hawa asusunsa. Shi ya sa wasu masu kaya ke cewa mai saye ne ya nemi a soke, ko adireshinsa na da matsala. Bayan kwana biyu sai ga kwabon nan, da hotonsa da ƙarzunansa, an sake sa shi da tsada.

To wace shaida ake haɗawa a kai ƙara wurin eBay? Lambar kaya da hoton tallan biyu sun isa? Akwai hanyar tilasta masa ya sallama, ko iyaka a rubuta masa mummunan sharhi a shafinsa?